Ga mai tambaya kan ɗinkin raga: ki duba kayan aikinki kafin ki zargi hannunki

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki. Kin ce kin fara ɗinkin ado na ƙirge a kan yadi mai raga, amma zare yana tsigewa tun bai ƙare ba, yadin ya karkace, jan zarenki kuma ya ƙare kin sayo wani kalar ba ta zo ɗaya ba. Kin tambayi inda ake samun zane mai kyau, har kina cewa ko hannunki ne bai karɓi aikin ba.

Don Allah ki cire wannan tunani daga ranki. Na daɗe ina wannan ɗinki, na koya wa mutane da dama, kuma kusan duk wadda ta zo da irin kukanki, idan aka bincika sai a tarar raga, allura da zare ne ba su dace da juna ba.

Kowace raga tana da lamba, lambar kuwa yawan ramukan da ke cikin inci ɗaya ce. Raga mai tauri, wadda ake cike fuskarta duka da zare, an fi samun ta a lamba 10, 12, 13, 14 da 18. Yadin Aida, mai laushi, da ake ɗinkin giciye (mai siffar X) a kansa yakan zo a 11, 14, 16 da 18. Lamba na hawa, rami na ƙanƙancewa. Idan kin jefar da takardar da ta zo da shi, ki ɗora rula ki ƙirga da kanki. Allurar wannan aiki ba ta da tsini, kafarta kuma doguwa ce mai faɗi, domin aikinta ta bi ramin da ke akwai, ba ta huda sabo ba. Ita ma lambarta na hawa tana sirancewa. Raga 10 tana son allura 18, raga 13 ko 14 allura 20, raga 18 kuma allura 22. A kan Aida 14 ni allura 24 nake riƙewa. Ga gwajin da nake yi: ki tsayar da allurar a rami. In ta zurare ta faɗi da kanta, ta yi siriri, ba ta buɗe wa zare hanya, shi ya sa yake gogar raga yana tsigewa. In kuma sai kin tura da ƙarfi har zaren ragar ya goce bai koma mazauninsa ba, ta yi kauri.

Sai tsawon zare, wanda nake kyautata zaton shi ne babban abin da ke cin naki. Mutum yana ganin idan ya yanko dogo zai huta da yawan zura allura. Amma ki tuna, duk ɗinki ɗaya da kika yi, zaren gaba ɗayansa ne ke ratsa ramin, ragar kuma an sa mata sitaci, tana da kaushi. Kafin ki kai ƙarshe ya yi gashi-gashi, ƙyallinsa ya tafi, kaurinsa ya ragu, har a gane a fuskar aikin inda aka fara da inda aka ƙare. Kamu ɗaya ya isa, wato daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu, kamar santimita 45. In zaren ƙyalƙyali ne ki rage ma. Lokaci zuwa lokaci ki saki allurar ta yi lilo, murɗewar ta warware.

Zaren auduga irin na DMC, kamfanin Faransa da ke garin Mulhouse, sili shida ne a haɗe, ƙulli ɗaya mita 8. Kada ki ja sili biyu tare. Ki zare su ɗaya bayan ɗaya, sannan ki haɗa adadin da kike so, za ki ga sun kwanta lumui gefe da gefe maimakon su nannaɗe. Aida 14 sili biyu ake sa mata. Raga 10 kuwa ulu take so, in kika sa mata siririn zare farin ragar zai riƙa leƙowa. Kafin ki fara kowane aiki ki ɗinka ɗan gida a gefen yadin, ki ɗaga shi a haske ki gani ko ya rufe.

Yanzu karkacewar, a nan nake so ki nutsu da ni. Wannan ɗan gajeren ɗinkin da ke kwanciya a karkace, hanya uku ake yin sa, kuma a fuska duk kamanninsu ɗaya, a baya ne suke bambanta. Akwai wanda bayansa ke fitowa gajeru a tsaye. Shi ya fi tattalin zare, amma ba ya rufewa sosai, ba ya kuma jure wahala. Akwai wanda bayansa ke fitowa dogaye a karkace, ana bin layi bayan layi. Yana da ƙarfi, sai dai duk ɗinkin ɓangare ɗaya yake ja, layi ɗari suna ja gefe guda dole murabba'i ya zame. Zan iya cewa shi kike yi, domin shi aka fi nuna wa masu farawa. Na uku shi ne mai saƙar kwando: ba a bin layi a miƙe, ana hawa da sauka ne ta kusurwa. Idan kina sauka allura tana tsaye a baya, idan kina hawa tana kwance, sai bayan ya fito kamar saƙa, jan wannan ya kashe jan wancan. Ya fi cin zare, kuma ranar farko zai ɗaure miki kai, amma duk fili mai faɗi da za ki cike da kala ɗaya, ba na ba da shawarar wani sai shi. Mai bin layi ki bar shi don zagaye da sirara.

Ki kuma ɗaure ragar a firam na katako mai kusurwa huɗu, ki ja ta ta yi tsaf. Zoben nan mai zagaye da ake ɗaure yadi a ciki na yadi mai laushi ne irin Aida, raga mai tauri karya ta yake, ko a Aidar ma ki riƙa cirewa in kin tashi. Gefen ragar ki naɗe shi da tef don kada ya riƙa kama zare. Kada ki ja ɗinki da ƙarfi, ki bar zare ya kwanta kawai.

Wanda ya riga ya karkace kuma yana gyaruwa. Ki zana murabba'i daidai girman aikin a kan takarda, ki shimfiɗa a allon katako. Ki yayyafa wa aikin ruwa ya yi danshi, ki kifa shi, ki riƙa jan kusurwoyin a hankali har su hau zanen, kina kafewa da ƙananan ƙusoshin da ba sa tsatsa, tazarar inci ɗaya ɗaya. Ki bar shi ya bushe ƙarau, ko da zai kwana biyu. In ya yi taurin kai a maimaita. Amma kafin ruwa ya taɓa shi ki gwada zaren: ki jiƙa guntu ki danna a farin ƙyalle. Na taɓa gama rigar matashi da wani jan zare marar suna da aka tabbatar mini ba ya zuba, wankin farko ja ya malala cikin fari, furen ya yi inuwa ruwan hoda ta ko'ina, babu kuma abin da ya fitar da ita. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi wannan hali.

Batun kala, da lamba ake sayen zare, ba da ido ba. A DMC 310 baƙi ne, 321 ja ne, 666 ma ja ne amma ya fi haske, kuma a ƙarƙashin fitila sai ki rantse ɗaya ne. Ki riƙa ajiye 'yar takardar da ke jikin ƙullin. Ko lamba ɗaya ce, rinin yau da na wata shida baya kan ɗan bambanta, musamman a ulu, don haka kalar da ta fi yawa a zanen ki saye ta gaba ɗaya har da rara. Tunda naki ya riga ya faru, in akwai ragowar tsohon ki haɗa sili ɗaya nasa da sili ɗaya na sabon, ki yi layuka kaɗan a haka kafin ki koma sabon zalla, ido ba zai kama mahaɗar ba. In babu, ki fara sabon daga inda wata kala ta raba fili. Akwai jadawalin musaya tsakanin kamfanoni, misali 310 na DMC shi ne 403 na Anchor, amma a sauran kaloli kusa ne kawai, kada ki gauraya su a fili ɗaya.

Zane iri biyu ne: wanda aka fenta a jikin ragar, da wanda ke takarda gida-gida, kowane gida ɗinki ɗaya. Na takardar tsohuwar dabara ce. A farkon ƙarni na 19 masu ɗab'i a birnin Balin na Jamus suka riƙa buga irinsa ana shafa masa kala da hannu, ya bazu har Ingila da Amurka. Yawancin waɗannan tsofaffin yanzu suna intanet kyauta, shafin Antique Pattern Library cike yake da su, DMC ma suna da na kyauta a nasu shafin. Abin da ba na so miki shi ne manhajojin da ke mayar da hoto zane. Sukan fito da kala hamsin, ɗigo ɗaya nan ɗigo ɗaya can, ki wuni kina canza zare ba ki ga abin da kika yi ba. Ki nemi mai kala biyar zuwa takwas, mai filaye manya. Littafin lissafi mai gida-gida da fensir mai kala ma sun ishe ki fitar da naki. Wanda kuma kika saya da kuɗi kada ki raba shi, guminta ne wadda ta zauna ta zana.

Kafin ki yanka yadi ki yi lissafi: yawan ɗinki a raba da lambar raga. Zane mai gida 140 a tsaye, 98 a kwance, a kan lamba 14 zai ba ki inci 10 da inci 7, a kan lamba 10 kuwa ya zama inci 14 da kusan 10. Ki ƙara inci 2 ko 3 a kowane gefe saboda firam. Ki nemo tsakiyar yadin ki fara daga can, ki kuma ja layin alama duk bayan gida 10 da zaren da za ki zare daga baya.

In da hali ki turo mana hoton bayan aikin, ba fuskar ba, tare da lambar ragar da ta allurar. Daga nan zan iya gaya miki ko ki ci gaba a haka ki gyara a ƙarshe, ko ki canza ɗinki tun yanzu. Allah ya sa albarka.