Amsa: Ƙawata ta bugu, ba ta tuna komai ba

'Yar'uwa, kin ce ƙawarki ta sha giya a fatin gama jarabawa, ta farka a ɗakin wani ɗalibi ba kaya a jikinta, kina tambaya ko fyaɗe ne. In an sadu da ita a wannan halin, fyaɗe ne. Wadda ba ta cikin hayyacinta ba ta da bakin cewa to. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar Najeriya ta hana cin zarafin mutane, ita ma ta sa yardar da aka samu da abin gusar da hankali cikin fyaɗe.

Zancen "me ya kai ki?" ki ajiye shi tukuna. Ki raka ta asibiti yau, don maganin kariya daga ƙanjamau, PEP, sai an fara shi cikin awa 72. Kayan da ta sa a daren kada ta wanke, ta naɗe su a takarda, ba leda ba. Batun kai ƙara kuwa, ki bar mata ta yanke da kanta.