Sifirin tirelar jirgina ya karye, mai walda ya ce zai haɗe shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar tirelar ɗaukar jirgin ruwa da na gada wajen mahaifina, da ita nake kai jirgi bakin kogin Haɗejia, a-kori-kura ke jan ta. Tun ambaliyar 2022 da ta daɗe cikin ruwa take ta tsatsa, yanzu kuma falle ɗaya na sifirin, wato jerin ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi, ya karye. Mai waldan garinmu ya ce zai haɗe shi, ya yi wa ƙarafunan faci, ya shafe da fenti. Hankalina bai kwanta ba, don yarana kan hau jirgin in muna tafe. Daga mai karatu a Auyo.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gara da hankalinka bai kwanta ba. Kada ka bari a sa wa sifirin nan wuta, ko kyauta za a yi maka.

Wannan magana ta cewa walda na gyara kowane ƙarfe ta gajiyar da ni. Kullum sai an kawo mana irinta. Ƙarfen sifirin ba irin na ƙofa ko gado ba ne. A masana'anta ana ƙona shi, a sanyaya, a sake ɗumama shi bisa ƙa'ida, shi ya sa yake lanƙwasa da kaya ya dawo yadda yake. Da zarar wutar walda ta taɓa shi, wannan aikin ya lalace. Gefen waldar sai ya yi gautsi, gaba kaɗan kuma ya yi laushi. Ido ba ya ganin komai, musamman in an goge an shafa baƙin fenti. Zai ɗauke ka mako biyu ko wata guda, har ka fara yi wa mai waldan addu'a, sannan wata rana a cikin rami ɗaya ya tsinke, ba gargaɗi.

Ka kuma lura da inda yake tsinkewa: ba kan waldar ba, dab da ita, kamar faɗin yatsa. Sai ka koma wa mutumin da guntayen, ya juya su a hannu, ya nuna maka ɗinkinsa ya ce, "Ai ka gani Alhaji, tawa ba ta saki ba, ƙarfenka ne ya gaji." Gaskiya ne ba ta saki ba, amma ita ta kashe ƙarfen. Wani ma zai ce maka da kawai sandar walda mai tsada ya yi amfani an wuce wurin. Babu sandar da za ta mayar wa sifirin abin da wuta ta cire masa a bakin titi. In babban fallen ne, wanda ke riƙe da ƙusa a jikin tirela, ranar da ya tafi ƙarfen ƙafafun zai zame baya ta gefe guda, tirela ta yi kan motar da ke zuwa, ta fizgi motar da ke jan ta. Haka kuma bakin ƙarfen da taya ke juyawa a kai: in ya lanƙwashe ba a gasa shi a miƙe, canzawa ake yi.

Ka cire sifirin duka biyun, ka tafi da su Ƙofar Ruwa a Kano a auna tsawo da faɗi da yawan falle. Ka canza hagu da dama tare, da ƙusoshin da ke ɗaure su, in ba haka ba tirela za ta riƙa karkata.

Jikin tirelar kam ana yi masa walda, amma ba faci kan tsatsa ba. In bututu ne mai rami, daga ciki yake ruɓewa, inda laka ta kwanta da danshi. Ɗauki guduma ka bi shi taku-taku. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa ƙwal, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji dum, ɓawon tsatsa na zuba a ciki. Duk inda ya yi haka a yanke har a kai ga farin ƙarfe, a sa sabo, a huda ƙananan ramuka ta ƙasa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Dogon ƙarfen gaba da ke haɗe da mota, in ya ci, a sauya shi ɗungurungum. Fenti shi ne na ƙarshe.

Boris kuma, wato ƙarfen da ke sa taya juyawa sumul, a wanke a duba, a cika da giris, ba baƙin mai ba. In ka iso bakin ruwa ka ɗan dakata ya huce kafin ka tura tirela ciki, don boris mai zafi in ya ji sanyi yana zuƙo ruwa. Duba lambobi huɗu na jikin taya: 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015, kuma irin wannan ta tsufa ko da zanenta bai goge ba. Ka sa sarƙa biyu tsakanin tirela da mota.

Yara kuwa, ko bayan an gama gyaran nan, su shiga cikin mota.