Amsar tambayarki kan shifta

'Yata, saƙonki ya iso. Kin tambaye ni ko al'adar nan ta malaman Ingilishi, a ba yara jerin kalmomi su haddace, ƙarshen mako a yi musu shifta, tana da sauran amfani, tunda ɗalibanki na ƙaramar sakandare suna cin shiftar amma kafin wani makon sun manta. Kin kuma tambayi yadda za ki koya musu adon harshe.

Kada ki yar da ita, ba a banza aka kafa ta ba. Ingilishi haruffansa 26 ne, sautukansa kuwa kusan 44, ga kalmomin Faransanci da ya kwasa birjik bayan Normawa, masu magana da Faransanci, sun ci Ingila a 1066. Da William Caxton ya kafa maɗaba'ar farko a Ingila a 1476, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya, furuci kuwa ya ci gaba da sauyawa. Shi ya sa har yau ake rubuta k a knife da knee, a da ana furta ta. Kunne ba zai nuna wa yaro wannan ba, sai ido da hannu sun saba.

Inda matsalar take shi ne zaɓen kalmomin. A tsinto ashirin da ba su haɗa komai ba, a ce a haddace! Ke ki jera su dangi-dangi. Rubuta sign a allo, ƙarƙashinta signal da signature, ki sa su karanta da ƙarfi, za su ji g ɗin da ta yi shiru a ta farko ta fito fili a sauran. Sannan ki koya musu ɓare kalma: ɗafa-goshi (abin da ake manna wa kalma a farko), saiwa (tushen kalmar), ɗafa-ƙeya (abin da ake manna mata a ƙarshe). Yaron da ya gane mis aka manna wa spell ba zai ƙara tambayar s nawa ke cikin misspell ba. Haka disappear, dis ce da appear, s ɗaya tak. Nan nake so ki fi ba lokaci, don shi ne zai cece su ranar da suka gamu da kalmar da ba ki taɓa ba su ba.

Adon harshe kuwa, bambanta kamance da siffantawa aikin minti kaɗan ne: in an kwatanta abu da wani ta amfani da like ko as, kamance ne; in an kira shi wancan abin kai tsaye, siffantawa ce. Abin da za ki dage a kai shi ne su faɗi me aka kwatanta da me, kuma wace siffa ta haɗa su. Daga nan kowa ya ƙirƙiro nasa.

In kin gwada, ki turo min kalmomin da suka fi kayar da su, mu nemo danginsu tare. Allah ya yi miki albarka.