Ruwa ya ɗauke, hatsi na tsada: in zuba taki?

Tambaya: Malam, ina noma a yankin Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi. Sati uku ke nan ba mu ga ruwa ba, gerona ya fara naɗe ganye, tiya kuma sai hawa take a kasuwa. Mai sayar da taki ya ce in zuba yuriya yanzu, gonar za ta farfaɗo. Ina shirin sayar da akuya in saya. Tsorona kada bana ta zama irin 2005, shekarar yunwa.

Amsa: Malam, riƙe akuyarka tukuna. Gero yana da juriya tun yana ƙarami. Naɗe ganye dabara ce ta rage asarar ruwa, kuma in aka samu ruwa mai kyau yakan sake tofo ya yi 'ya'ya. Farin da ke karya manomi shi ne wanda ya same shi ya yi ciki, ko ya fito da kai yana cika ƙwaya. Nan ne zangarniya kan fito ba nauyi.

Maganar taki kuwa ta ishe ni, don kullum sai na ji ta. Gonarka ƙishi take ji, ba yunwa ba. Saiwa ba ta iya ɗaukar taki sai ya narke cikin laima. Ka zuba yuriya a kan busasshen yashi, raɓar asuba ta ɗan jiƙa ta, rana ta buɗe, kaso mai yawa ya bi iska. Wadda ta taɓa gindin shuka kuma ta janye ɗan ruwan da ya rage, kamar gishiri a kan ɗanyen nama, bakin ganye ya ƙone. Ko da an yi yayyafi ta kama, ganye zai yi yawa, shukar ta ƙara neman ruwan da babu. Mai taki ya san duk wannan? Wataƙila bai sani ba, amma ya san yana da buhunan da yake so su fita kafin damina ta wuce, kuma ba shi zai ciyar da gidanka ba. Haka masu yawo da kwalabe marasa takarda suna cewa maganin fari ne a fesa. Babu feshin da ke maye gurbin ruwan sama.

Abin yi yanzu: cire ciyawa, ka rage shuka ta koma uku a kowane rami. In ruwa ya sauka, tona da hannu ka ga laima ta kai zurfin tafi, sannan ka sa taki kaɗan a gefen gindi ka rufe da ƙasa. Inda shuka ta mutu kuma lokaci ya ƙure wa gero, sa wake mai saurin nuna. Baɗi ka nemi irin gero mai saurin nuna, kamar wanda ake kira HKP, tun da wuri, a tambayi tashar INRAN, hukumar binciken noma ta Nijar, da ke Tarna a Maraɗi.

Batun farashi, kasuwar Maraɗi ɗaure take da Jibiya da Dawanau ta Kano. In fari ya game yankin duka, kowa neman hatsi yake, 'yan kasuwa su riƙe na hannunsu, farashi ya tashi tun kafin a san abin da gona za ta bayar. Dabbobi kuma su faɗi, don kowa ya kai tasa kasuwa lokaci guda. A 2005, bayan fari da fārar 2004, akwai hatsi a kasuwa, kuɗin sayensa ne talaka ya rasa. Kada kuma ka jingina da hatsin rahusa na hukuma, kafin takardu su gama yawo a ofis rumbu ya daɗe da ƙarewa. In har dole ta sa ka sayar da akuyar, sayar da ita tana da jiki, ka sayi gero ka ajiye.