Ni ma ƙyallen Faith ne ya kayar da ni

'Yar'uwa, kin ce kin karanta Young Goodman Brown, gajeren labarin nan na Nathaniel Hawthorne, sau uku, amma kin rasa me ƙyallen nan ruwan hoda na kan Faith, matar Brown, yake nufi. Wallahi kamar ni ce na rubuta. A aji biyu na sha wannan wuyar.

Shafi huɗu na cika da wa'azi, wai Brown ya bi Shaiɗan cikin daji, alhaki ya kama shi, shi ke nan. Malamin ya ɗaga takardata a gaban aji, ya dinga karantawa da muryar mai wa'azin kasuwa, yana tsayawa ana shewa. Har da wadda muke ci kwano ɗaya da ita. Ya ba ni 3 cikin 20, ya rubuta da jan biro wai nan ba zauren tafsiri ba ne. Sati biyu ban iya haɗa ido da kowa ba. Na yafe masa, amma ai gyara daban, tozarci daban.

Abin da bai tsaya ya koya mana ba: mutanen labarin Kiristoci ne 'yan Furitan, sun yi imani da zunubin gado, cewa kowa da laifin Adamu aka haife shi. Mu ba haka muka taso ba, shi ya sa muke ta laluben duhu. Hawthorne ɗan garin Salem ne na Amurka, kakan kakansa John Hathorne yana cikin alƙalan shari'ar mayu ta 1692, wadda aka rataye mutum 19. Wannan kunyar ce take cinsa har ya fitar da labarin a 1835.

Sunan matar ma Imani yake nufi. Ƙyallen ya faɗo a daji, Brown ya yi kururuwa imaninsa ya tafi, amma da safe ga shi nan daram a kanta. To wa ya canza? Ni dai mummunan zato na gani, mutum ya ɗauki kowa munafuki sai shi kaɗai, har ya mutu ba a rubuta kalmar fata ko ɗaya a kabarinsa ba.

Kada ki ɓata dare kan mafarki ne ko gaske, marubucin da kansa ya yi tambayar ya wuce abinsa. Duk abin da za ki faɗa, kawo wurin da ya nuna haka. Kuma don Allah ki ba wata ta karanta miki kafin ki miƙa, ni ban samu mai yi mini haka ba.