Wace ƙaramar kyamara zan riƙa shiga ruwa da ita wajen fatsa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah a ba ni shawara. Daga nan Zinder nake zuwa fatsa tafkin Gidimuni ƙarshen sati, kwanan nan ma na fara irin ta turawa ɗin nan da ake wurga ƙudan bogi na gashin tsuntsu, kana tsaye cikin ruwa har ƙugu, hannu ɗaya sanda ɗaya zare. Watan jiya na kama wata ƙatuwar karfasa, ina ciro salula in ɗauke ta hoto sai salular ta suɓuce, ko minti ɗaya ba ta yi a ruwa ba, kuma wanda ya sayar min rantsuwa ya yi ba ta shan ruwa. Na binne ta a shinkafa kwana uku, shiru. Hotunan sunan ɗiyata duk suna ciki. Yanzu kyamara ƙarama nake so amma wallahi tsoro nake in sake zuba kuɗi a tafki.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar da alheri, ya raya ɗiya. Kar ka yar da salular, kuma kar ka sake jona ta a wuta, zan zo kanta.

Tunda hannunka biyu a cike suke, abin da kake buƙata shi ne wadda za ta shiga aljihun gaban riga, ka danna ta da hannu ɗaya jiƙaƙƙe. In da hali ka nemi OM System TG-7 da ta fito 2023, ko yayarta Olympus TG-6 ta 2019, kusan abu ɗaya ne. Tana jure zurfin mita 15, faɗuwa daga mita 2.1, nauyinta wajen giram 250, idonta yana buɗewa har f/2.0, wato yana shigar da haske sosai, wannan kuwa shi ne ribarka tunda da asuba da yamma lis kifi ya fi ci, lokacin haske ya yi ƙasa. Tana kuma ɗaukar abu daga santimita 1, har zaren da ka ɗaure ƙudanka da shi za ka ƙirga. Ƙasa da ita akwai Pentax WG-90, mita 14, da 'yan fitilu shida kewaye da idon, sai Kodak WPZ2 da kuɗinta bai kai rabin na TG-7 ba, hotonta da rana ba laifi, rana na faɗuwa sai hakuri. GoPro ta bidiyo ce, idonta faɗi gare shi, karfasarka za ta fito kamar ɗan yatsa in ba ka manna mata ita a hanci ba.

To amma maganar da ta fi damuna ita ce wannan "ba ta shan ruwa" ɗin, kullum sai na ji ta a shago, na gaji da ita. Babu na'urar da aka halitta haka. Abin da ke tsakanin ruwa da cikin kyamara wata 'yar roba ce siririya da ta zagaye murfin batir da na wurin caji, ko kaurin tsinken tsintsiya ba ta fi ba. Lambobin nan da kuke gani a kwali gwaji ne aka yi wa sabuwar na'ura, a ruwa mai tsabta kwantacce. IP67 na nufin mita 1 na minti 30, IP68 kuma abin da kamfani ya faɗa ne, Samsung na cewa mita ɗaya da rabi na minti 30. Ba su gwada ta bayan shekara biyu a ƙurar hunturun Damagaram ba, ba su gwada ta bayan ta wuni a ƙarƙashin sirdin moto a watan Mayu ba, ita TG ɗin ma da kanta digiri 40 ne iyakar zafin da aka rubuta mata ta yi aiki, mu kuwa da bazara muna wuce nan a inuwa. Zafi yana busar da robar, ta taurare, ta tsage inda idonka ba zai gani ba. Kuma je ka karanta takardar garanti ta manyan wayoyin nan, ɓarnar ruwa ba ta ciki, su da suka ƙera ma ba su ɗauki alkawarin da mai tebur yake rantse maka a kai ba.

Kwanaki wani ya kawo min tasa kyamarar, ruwa har cikin gilashi, yana ta faɗa wai jabu aka sayar mai. Na buɗe murfin batir a gabansa na haska tocila, ga ƙwayar rairayi guda ɗaya tal zaune daram a kan robar. A bakin tafki ya canza kart memwar da hannu mai yashi, ya rufe, ya shiga ruwa.

Su kuma masu tsoma kaya a bokiti su ciro su ce ka gani, Allah ya shirye su, sakan biyar a bokiti me ya nuna? Balle kayan gwanjo da aka riga aka buɗe, aka canza gilashi aka liƙe da gam ɗin takalmi, irin aikin yaran da suka yi wata biyu a shago suka buɗe nasu. Ina zargin salularka ma haka aka yi mata. Duk na'urar da aka taɓa buɗewa ba a sa mata sabuwar roba ta asali ba, ka ɗauke ta kamar ba ta da kariya ko kaɗan. Shinkafa kuma tuwo ake yi da ita. Ba ta jawo ruwan da ya shige ƙarƙashin sassan ciki, kwana ukun nan da ka jira tsatsa ce ta samu lokaci, kamfanin Apple ma ya rubuta ƙarara kar a sa. Mafi muni masu shanya ta kan kwano a rana ko su jona caji "a gani ko za ta tashi", batirin lithium ne fa, kumbura yake, yana iya kama wuta a ɗakin da yaranka ke kwance.

In ka sayi kyamarar, kafin ka fita gida ka buɗe murfin, ka duba robar da kyau, ka goge da ƙyalle mai tsabta mara gashi, ka rufe, a TG makulli biyu ne, duka biyun za ka kulle. A bakin ruwa kar ka buɗe ko batir ya mutu. Ka dawo gida ka jiƙa ta a rufe cikin ruwan pampo kamar minti 10, musamman in ka shiga tafki mai kanwa irin na wajen Gure, ta bushe a inuwa sannan ka buɗe. Olympus sun ce a canza robar duk shekara, a nan samun wannan wuya ne, shi ya sa nake cewa sabuwa a kwali ta fi ta hannu ko da ƙaramar ce.

Kuma duk cikinsu babu mai yawo a kan ruwa, nutsewa suke kamar dutse, a laka irin ta tafki kuwa sai dai labari. Ka haɗa da igiyar hannu mai soso da ke tashi da ita sama, ka gwada a baho da kyamarar a ɗaure ka ga ta ɗaga ta.

Salular kuma ka ciro kart memwar in akwai, sau da yawa ita ruwa bai kashe ta. In hotunan a cikin wayar suke, ka kai ta wurin mai gyaran da zai buɗe ya wanke allon ciki da alkol na gyara, ka gaya mai hotuna kake so ba wayar ba. Ka duba Google Photos ɗinka ma a wata wayar, da WhatsApp na mai ɗakinka da 'yan uwa, ranar suna ba kai kaɗai ka ɗauka ba.