Amsa ga ɗan'uwan da aka gayyata cin abinci a gastropub

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa Ingila, Allah ya sa karatu ya yi albarka. Na ga tambayarka cewa 'yan ajinku sun gayyace ka cin abinci ranar Lahadi a wani gastropub kuma baka san me za ka tarar ba, ko ma akwai abin da musulmi zai iya ci. Ni shekarata ta bakwai kenan a Manchesta, na sha shiga irin wannan yanayin da mutanen wurin aikinmu.

Gaskiyar magana gastropub mashaya ce, kar wani ya ɓoye maka, sai dai mashaya ce da ta mayar da hankali kan girki, mutane na zuwa da matansu da yaransu har da tsoffi don cin abinci kawai. Abin ya samo asali ne daga wani gida mai suna The Eagle a Landan a 1991, daga nan ya bazu ko'ina. Batun zama a inda ake shan giya kuwa wannan ka tambayi malami wanda ka yarda da shi, ni dai yanzu in da hali ina roƙonsu mu canza wuri kuma sau da yawa suna yarda ba tare da wani ɓacin rai ba.

In ka yanke za ka je to ka sani naman alade ba shi ne matsalar ba, shi a fili yake a rubuce, matsalar tana cikin romo da kwaɓin fulawa. Ranar Lahadi abin da kowa ke ci gasasshen nama ne da dankalin turawa da wani abu mai kama da fanke da suke kira Yorkshire pudding, sai a kwarara romo a kai, to romon nan sau da yawa da jan giya ake haɗa shi, naman kuma galibi ba yankan musulmi ba ne. Ni a shekarata ta farko na yi odar wani abu mai ɓawon fulawa da naman sa a ciki, har na kai loma biyu sai wata abokiyar aikinmu ta dafa teburi ta ce tsaya, kalmar ale ɗin nan da ke jikin sunan abincin, giya take nufi. Wallahi ranar ban iya cin komai ba har dare, abin ya tsaya min a rai sosai. Haka black pudding, sunan kamar kayan zaki amma jinin alade ne.

Kifi shi ne mafita, amma shi ma fish and chips ɗin, wato soyayyen kifi da dankali, ka tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin, wasu kuma musamman ta wajen Yokshaya da kitsen sa suke suya. Kar ka ji kunyar tambaya ko kaɗan, doka ta tilasta musu bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, saboda haka sun saba, za ka ga weita ya je kicin ya tambayo ko ya ɗauko maka fayil ɗin kayan haɗin. Giya bata cikin 14 ɗin nan don haka sai ka ambace ta da bakinka. Gasasshen kifi da ganye ko abincin marasa cin nama, su nake ci hankali kwance bayan na tambaya.

A wasu gastropub ɗin kai za ka tashi ka je kanta ka faɗi lambar teburinku ka biya, in ka zauna jiran weita sai ka gaji. Ruwan famfo kyauta ne in ka nema. A gidajen abinci kuma musamman Landan ka duba ƙasan bil, ana yawan ƙara kashi 12.5 na kuɗin hidima, in akwai shi ba sai ka ƙara tukwici ba. Sannan abincinsu ba yaji, salam yake, ni da ɗan ƙullin yajin ƙuli nake yawo a aljihun jaket.

In kuma kai aka ba zaɓi nan gaba ka ja su Wilmslow Road a unguwar Rusholme in kana kusa da mu, layi guda ne cike da gidajen 'yan Pakistan da Larabawa da Turkawa, a Landan akwai Edgware Road, Bamingam da Biradfod kuwa ba a magana. Ka duba tambarin HMC a jikin ƙofa, ƙungiya ce mai bin diddigin yankan halal, da koren sitikan tsafta mai maki 0 zuwa 5, ni ƙasa da 4 bana shiga. Turawan nan suna son kori, wato miya mai kayan yaji irin ta 'yan Indiya da Pakistan, fiye da yadda kake zato, mutanen ofis ɗinmu yanzu su ke tambayata yaushe za mu koma cin gasasshen haƙarƙarin rago.

Wane gari kake ne ma? Faɗa min sai na tambayi 'yan'uwa da ke can su haɗa ka da wurare.